Ka Wuce Tsamiyar Garo

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai.

Zuwa ga Baffa,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina yi maka sallama a takarda, alhali tsakanin turakata da shagonka ko tari aka yi sai an ji. Ina kwana, ina gajiya? Yaya ƙafa, yaya faratan nan da suka cire, sun fara tsirowa? Allah Ya ƙara sauƙi, Ya tsare ka a zaune da tafiye, Ya sa ka gama da duniya lafiya.

Kada ka yi mamakin ganin takarda a ƙarƙashin faifan tuwonka, ni na ba mahaifiyarka ta saka. Kai ɗan fari ne, kuma sunan mahaifina gare ka, a gidanmu kuwa ba a zaunar da ɗan fari a yi ta hira da shi. Haka na taso na gani, haka na yi maka. To amma bakin da kunya ta rufe, hannu yana iya yi masa aiki.

Mahaifiyarka ta gaya mini ranar Asabar za ka tafi Kaduna wajen ƙanena Sani koyon wayarin mota. Wannan na sani, ni na ma nema maka. Abin da ban sani ba shi ne wai kana so ka fita tun da duhu, ba sallama da kowa, kuma ka ce ba za ka sake taka Unguwar Tudu ba sai an manta da kai. Duk saboda me? Saboda gudun famfalakin nan na Gwarzo zuwa Kano da ka shiga, ƙafa ta ƙi a gaba da Kabo, aka dawo da kai a bayan babur. Tun ranar kake cikin shago kamar mai jego. Masallaci ma a sahun ƙarshe kake tsayawa, liman na sallamewa ka sulale. Ina ganinka, Baffa, ba na dai magana ne.

To gyara zama, yau zan gaya maka dalilin da ya sa tsofaffin garin nan suke kirana Durƙusau. Na san ka sha ji, ka ɗauka don yawan ladabi ne. Ina! Gudu ne ya ja mini.

Zamanin tsuke bakin aljihu ne, wanda muke ce wa osteriti, ba a haife ka ba. Kamfanin saƙar da nake yi wa aiki a Kano ya rage ma'aikata, aka koro mu gida da 'yan kayanmu a buhu. Sabulu sai an yi layi, madara sai dai ka ga gwangwaninta a mafarki. Ga ni saurayi, ga ƙarfi, ga zaman banza. Sai na riƙa zuwa gona da gudu ina dawowa da gudu, don kawai in rage zafin zuciya. Ana nan sai samarin gari suka shirya gudu daga Gwarzo har Kano, irin naku sak, wanda ya zo na ɗaya a ba shi sabon keke da katan ɗin sabulu. Wallahi ni ba keken ne ma ya tsone mini ido ba, sabulun ne. Na riga na raba shi a raina, na ba Iya, kakarka, rabi.

Ku da dogon wando kuka yi naku, tunda yanzu Shari'a ta zo, kabbara aka yi muku kuka tashi a natse. Mu kuwa gajeren wando ne da singileti, ga masu kalangu a bakin tasha. Ana busa usur wani makaɗi ya ɗora mini kirari, wai ni ne barewar Unguwar Tudu. Kai! Sai na ji kaina ya yi wani irin girma. Na zura da gudu kamar wanda kare ya biyo, na bar kowa a baya, har ina waiwaye ina murmushi. Akwai wani siririn dattijo a cikinmu da ke tafiya saɗaf-saɗaf, na wuce shi ina jin tausayinsa. Kafin hantsi ya ɗaga numfashina ya koma kamar zugazugin maƙera, shi kuwa ya zo ya wuce ni da irin tafiyarsa ta farko, har da ce mini, "Sannu samari."

Ka riƙe wannan idan ka je garejin Baba Sani. Ranar farko za ka ji kamar ka koye aikin duka kafin azahar, musamman in aka fara cewa yaron nan akwai kai. Yi a hankali. Mai yabonka a bakin tasha yake tsayawa, ba ya bin ka hanya. Ka ɗauki tafiyar da za ka iya yi da safe ka kuma iya yi da la'asar.

Ban ma gaya maka takalmin ba. Sabon kambas ne na aro wajen wani abokina ɗan makaranta, ban taɓa sa shi ba sai ranar, don ina so a gan ni fes. Ya ci mini dunduniya, ya yi mini bororo a kowane yatsa. Tsohon takalmin robata da ya san ƙafata yana gida a ƙarƙashin gado. Babbar rana ba ranar gwajin sabon abu ba ce, ko takalmi ne ko aboki.

Duk da haka da na lallaɓa, da hanyar ba ta bi ta Garo ba. Ka san Garo garin dangin Iya ne, can wanta Kawu Buba yake da shanunsa. Ashe labari ya riga ni isa. Ina shigowa gari sai ga Goggo Hansatu, matar Kawu, a tsakiyar titi da ƙwarya a hannu, ta dama fura da kindirmo mai kauri, har da ludayi a ciki. Ta ce, "Ɗan nan, tsaya! Haka za ka wuce da cikinka a lafe? Maza shanye."

Na ce, "Goggo, gudu ake."

Ta ce, "To gudun da yunwa ake yinsa? Ni za ka mayar wa da ƙwarya a gaban mutane?"

Ka gaya mini, wa zai iya? Na karɓa da niyyar in kurɓa sau ɗaya. Amma Baffa, furar nan ta yi daɗi, ga sanyin randa, ga yaji daidai. Ban ankara ba sai ganin gindin ƙwarya na yi. Na miƙa mata, na ɗaga ƙafa, sai na ji cikina yana ƙugi yana kaɗawa kamar tulun da bai cika ba.

A Kaduna za ka gamu da irin wannan ƙwaryar. Ba duk mai tare ka ne maƙiyi ba, wani da zuciya ɗaya zai tare ka, kuma abin da ke hannunsa mai kyau ne, lokacin ne kawai ba nasa ba. Ka koyi cewa, "Na gode, ajiye mini sai na dawo." Ba rashin kunya ba ne. Ni sai da na kai shekara talatin kafin bakina ya iya faɗar haka.

Ban yi nisa ba sai ga tsamiyar nan ta bakin hanya, wadda ka sani, Kawu Buba yana zaune a gindinta kan buzu da dattawa kewaye da shi. Yanzu ni ɗan ƙanwarsa in wuce shi a guje, da gajeren wando, ko kallo babu? Ƙafata da kanta ta karkata. Na tuɓe kambas, na durƙusa har ƙasa. Ka kuma san gaisuwar Kawu, Allah Ya ji ƙansa, ba ya yin ta rabi. Ina kwana, ina gajiya, yaya Iya, yaya ciwon ƙugunta, yaya gero ya yi bana, an sami ruwa a wajenku, yaya batun aikin da aka rasa. Ina amsawa ina hangen 'yan gudu suna wucewa ɗaya bayan ɗaya. Da ya gama sai dattawan suka ɗauka, kowa da tasa. Can Kawu ya ce, "To madalla, tashi ka bi 'yan uwanka, Allah Ya ba da sa'a."

Na yunƙura, shiru. Na sake yunƙurawa, ina! Jijiyoyin cinyata da na sharaɓa sun ɗaure tamau, ƙafa ta ƙi miƙewa. Ina nan durƙushe kamar mai neman gafara. Kawu ya ce, "A'a, ai mun gaisa, tashi mana." Wani dattijo ya ce, "Kai, yaron nan akwai ladabi." Ni kuwa hawaye ne kawai ke zuba. Da suka gane abin da ake ciki, a durƙushen aka ɗauke ni cak, mutum biyu, aka shigar da ni zaure. Furar Goggo kuma a nan ta ce ita ma ba ta zama, ta dawo ta hanyar da ta shiga.

Wata yarinya, 'yar Kawu da Goggo, aka aiko da ruwan zafi da man shanu a gasa mini ƙafa. Ta ajiye, ta dube ni, ta toshe baki da mayafi, kafaɗunta suna rawa. Ta fita soro na biyu ta saki dariya har ina jiyowa. Na ce a raina, wannan yarinya ba ta da tausayi ko kaɗan. Ita ce ta kawo maka tuwon nan da ka ɗaga faifansa. Har gobe in ta ga na durƙusa ɗaure igiyar akuya sai ta ce, "Malam, a kira mutum biyu ne?"

Da yamma aka ɗora ni a amalanken shanun Kawu aka maido ni Unguwar Tudu, yara na biye suna tafi. Kai a babur aka kawo ka, ka ga ai an ci gaba.

Gaisuwar nan ban taɓa nadamarta ba, don ita ta ba ni matar aure. Abin da na yi bayanta shi ne wautar da ta fi kowace, kuma ita kake shirin maimaitawa. Na shige ɗaki na rufe. Aka yanke gero ban fita ba, aka kai dawa rumbu ban fita ba. Ina jin an yi dariya a waje sai in ce da ni ake. Ƙafa ta warke tuni, amma na ci gaba da ɗingishi don a ce har yanzu ciwo ne. Har na fara shirin guduwa Legas cikin motar shanu, ba sallama, kamar dai wani da na sani.

Iya ce ta yi maganina. Wata safiya ta yaye labulen ɗakina ta ajiye ƙullin goro a gabana. Ba ta yi zancen gudu ba sam. Cewa ta yi, "Kai wane irin mutum ne? Mutane sun ɗauke ka, sun gasa maka ƙafa, sun ɗaure shanunsu sun kawo ka har gida, ko ban-gajiya ba ka koma ka yi musu ba? A gidan nan ka koyi haka? Tashi ka je, kuma a ƙasa."

Ka ga dabarar tsohuwa. Da cewa ta yi in fita in nuna ni namiji ne, da ban fita ba. Amma ban-gajiya wajibi ce, ko biki mutum ya zo maka sai ka bi shi da ita, balle wanda ya ɗauke ka a hannu. Na sa tsohon takalmin robata na kama hanya. Na shirya wa dariya, kuma an yi ta, ba zan ɓoye maka ba. Tun daga bakin kasuwa wani ya ƙwala, "Durƙusau, an miƙe?" Sai na ji bakina ya ce, "An miƙe, amma kada ka gaishe ni da yawa." Aka fashe da dariya, har da ni. Wallahi Baffa, a nan take na ji wani dutse ya sauka daga ƙirjina. Dariyar da nake jiyowa daga ɗaki mai cizo ce, wadda na tarar a waje kuwa hannu take miƙo mini.

A Garo na ba Kawu goronsa, a tsaye a wannan karon, shi da kansa ya ce kada in kuskura in durƙusa. Na gode wa waɗanda suka ɗauke ni, na gode wa mai amalanke. Goggo ta sake damo fura, na sha a zaune cikin kwanciyar hankali. Ba wanda ya tambaye ni don me ban kai Kano ba. Abin da suke ta faɗa shi ne, "Ashe kai ne a gaba da aka taso!" Da zan dawo, ina fita gari sai na ji ƙafata tana ƙaiƙayi, na ɗan taɓa sassarfa, daga nan ban tsaya ba sai ƙofar gida. Bayan sati na sake komawa ban-gajiya. Da na je ta uku sai Kawu ya ce wa Iya, wannan ban-gajiyar ta yi yawa, a turo manya kawai.

Yanzu bari in ba ka labarin da ba ka sani ba, don ka kulle kanka ba ka bari kowa ya gaya maka. Ranar gudunku ina Garo. Na ce wa mahaifiyarka zan je duba ɗan maraƙi ne, ta dube ni ta ce, "To, a gaida maraƙin." Na tsaya bayan tsamiyar nan inda ba za ka gan ni ba. Goggo Hansatu, kakarka, da tsufanta da sandarta, ta sa an fito mata da kujera bakin titi, ga ƙwaryar fura a cinya. Sai ga ka ka ɓullo, tafiyarka daidai, ba gaggawa, kamar siririn dattijon nan. Ta ɗaga ƙwarya ta ce, "Mai gidana, tsaya ka sha!" Ka ɗaga mata hannu biyu, ka ɗan rusuna kana gudu, ka ce, "Hajiya, sai na dawo!" Ka wuce.

Baffa, da ka ji abin da ya biyo baya! Tsofaffin da suka san zancen suka miƙe tsaye. Wani ya ce, "Ɗan Durƙusau ya wuce tsamiya!" Aka ɗauki kabbara. Kakarka ta yi guɗa da muryarta da ta dushe, ta ce, "Wannan ya fi ubansa wayo." Ni kuwa ina bayan bishiya ina share ido da hannun riga, ina dariya ni kaɗai. Ban taɓa jin daɗi irin na ranar ba, ko ranar sunanka. Ka wuce inda na faɗi, ka wuce Kabo, ka yi nisan da ni ko a mafarki ban yi ba. Kai kana lissafin abin da ya rage maka zuwa Kano, mu muna nan muna ta murnar wanda ka cinye.

Da aka kawo ka, ya kamata in shigo shagonka in ce maka sannu, in gaya maka wannan. Na zo har bakin ƙofa na juya, kunyar ɗan fari ta riƙe ni kamar yadda jijiya ta riƙe ni a gaban Kawu. Na bar ka kana zaton shiruna fushi ne ko jin kunyarka. Ba haka ba ne, ɗana. Alfahari nake da kai, na rubuta da hannuna don ka riƙa dubawa. Kai ma in Allah Ya ba ka naka, ka ji kunyarsa yadda aka saba, amma ranar da ya faɗi ka ajiye ta ka je.

Jiki kuma kada ka matsa masa. Ka ci gaba da jiƙa ƙafa a ruwan ɗumi da gishiri, ka shafa man shanu, ka ci abinci sosai, ka daina mayar da kwano da saura. Faratan za su fito, nawa ma sun fito. In ka tashi komawa gudu, fara da tafiya, ƙafar da kanta za ta gaya maka ranar da ta shirya. A Kaduna ka riƙe salla a kan lokaci, ka bi Baba Sani sau da ƙafa, kada ka taɓa wayar da ba ka san inda ta nufa ba sai ka tambaya.

Saura magana ɗaya, ita ce dalilin takardar. Mutumin da ya tsince ka a bakin hanya sunansa Malam Isa, mai albasa ne daga Durun. Ya sauke buhunansa daga kan babur a gefen titi ya bar su, ya kai ka kemis a Kabo aka ba ka ruwan gishiri da sukari, ya kawo ka har gida, ko ruwa bai tsaya ya sha ba. Ranar kasuwa ya tare ni yana tambayar jikinka. Akwai matar da ta yi maka fifita da faifanta, akwai mai kemis. Akwai kuma wata tsohuwa a Garo da ka ce wa sai ka dawo, kullum sai ta aiko a tambaya ko yau ne. Duk waɗannan za ka tsallake ka tafi da duhu? A gidan nan ka koyi haka?

Ga abin da nake so. Jakarka mu ba direba ya kai ta tasha a Kano ya ajiye. Ni da kai mu fita ranar Alhamis bayan sallar asuba, gari ya waye tangaran, ta tsakiyar kasuwa, a ƙasa. Na sayi goro. Mu yi sallama da mutanen unguwa, wanda ya tsokane ka ka rama, in ka rasa amsa ni ina da su da yawa. Mu sha furar kakarka a zaune, mu ratsa Durun, mu shiga Kabo. In mun zo daidai inda ka tsaya, ka nuna mini wurin, mu yi addu'a, sannan mu ɗora har Kano, ko kwana nawa za ta ɗauke mu. Ni ma fa ban taɓa ƙarasa hanyar nan da ƙafata ba, shekara da shekaru tana raina. Ba keke, ba sabulu, ba mai busa usur. In sa ka a motar Kaduna da hannuna, ka tafi ta ƙofar da za ka iya dawowa ta cikinta da Salla.

Ban taɓa jerawa da kai a hanya ba tun kana ɗan ƙarami, kullum kana baya ina gaba. Wannan karon kafaɗa da kafaɗa za mu yi, mai magana ya yi. Ba sai ka ba ni amsa da baki ba, na san kai ma kunyar ce. In ka yarda, daren Laraba ka ajiye takalminka a zaure kusa da nawa. Tsohon fa, ba sabo ba.

Allah Ya yi maka albarka, Ya tsare gabanka da bayanka, Ya haɗa ka da mutanen kirki irin Malam Isa a duk inda ƙafa ta gaza. Ya kai ka lafiya, Ya dawo mana da kai lafiya, Ya sa ka fi ni a komai kamar yadda ka fi ni a hanyar Garo. Mahaifiyarka tana gaishe ka, ta ce in gaya maka in na durƙusa a hanya kada ka tsaya neman mutum biyu, kai kaɗai ka isa ka ɗaga ni.

Wassalamu alaikum.

Ni ne mahaifinka,
Durƙusau na Unguwar Tudu